Yadda Ƙwayoyin Sankarar Bakin Mahaifa Ke Jure wa Gashi

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Kalmalo ba ya bukatar a kwatanta masa zafi. A watan Afrilu ma'auni yakan haura digiri 40 a inuwa, rairayi kuwa ya yi zafin da ba a iya taka shi sai da takalmi. Duk da haka, idan ruwan fari ya sauka aka yi shuka, gero yakan tsiro a cikin wannan ƙasa mai zafi. Da tsakar rana ya yi yaushi kamar ya mutu, da yamma kuma ya miƙe. Me ke hana ɗan tsiron nan dahuwa? Masana sun samo amsa, amsar kuwa tana da hannu cikin wata tambaya da ta fi wannan nauyi, wadda likitoci a Sakkwato da Zariya ke fuskanta kullum: don me akan yi wa mata biyu gashin sankarar bakin mahaifa da na'ura ɗaya, ɗaya ta warke, ɗaya kuwa ciwon ya dawo mata?

'Yan agaji a cikin ƙwayar halitta

Ɗalibai za su tuna daga darasin Bayoloji cewa jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, duk da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina su. A cikin kowace ƙwaya kuwa furotin ne ma'aikata. Kowane furotin zare ne mai tsawo wanda aka naɗe shi cikin wata siffa tasa, kuma siffar nan ce ke ba shi ikon yin aiki. Ku dubi rawani. Muddin yana warware, yadi ne kawai. Sai an naɗa shi yadda ya kamata ya zama rawani. Zafi yakan warware naɗin furotin, zaruruwan su manne da juna. Abin da ke faruwa ke nan sa'ad da aka dafa ƙwai, farinsa mai ruwa-ruwa ya daskare, ba kuwa zai sake komawa ɗanye ba.

A shekarar 1962 wani masani a Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin da ake ajiye su. Da Ritossa ya duba ƙwayoyin halittarsu a madubin likita, sai ya ga waɗansu wurare a zaren gadonsu sun kumbura, alamar cewa ƙwayar ta tashi haiƙan tana ƙera wani abu. A 1974 Alfred Tissières, ɗan ƙasar Siwizalan, da abokan aikinsa suka gano abin da ake ƙerawa: waɗansu furotin ne na musamman. Masana suna kiransu HSP, watau furotin na bugun zafi, su bi da lambar da ke nuna nauyin kowane, kamar HSP27, da HSP70, da HSP90. A nan za mu riƙa ce musu 'yan agaji, gama aikinsu ke nan. Sukan kama furotin da ya fara warwarewa su riƙe shi kada ya manne da wani, su taimake shi ya sake naɗuwa, wanda ya lalace ƙwarai kuma su miƙa shi inda za a rushe shi.

Daga baya aka gane ba zafi kaɗai ke tashe su ba. Ƙarancin iskar oksijin, da guba, da zazzaɓi, da haske mai ƙarfi irin na asibiti, kowanne yakan sa ƙwaya ta ƙara yawansu. Ana samunsu a jikin bakteriya, da gero, da albasa, da raƙumi, da ni da ku. In ba domin su ba, da bazara ɗaya ta isa ta halaka gonakinmu.

Yadda sankarar ke farawa

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke ƙasan mahaifa, wadda ke buɗewa lokacin haihuwa. Kusan dukan sankarar da ke kama wurin nan wani bairos ne sanadinta, mai suna HPV, wanda ake ɗauka ta wurin saduwa. Bairos ɗin yana da yawa ƙwarai a duniya, har yawancin manya, maza da mata, sukan ɗauke shi a wani lokaci na rayuwarsu ba su sani ba, jiki kuma ya kawar da shi da kansa. Saboda haka kamuwa da wannan ciwo ba shaida ba ce a kan halin mace. Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa.

A jikin waɗansu mata bairos ɗin yakan zauna. Harald zur Hausen na Jamus da abokan aikinsa suka gano iri biyu mafi haɗari, HPV 16 a 1983, da HPV 18 a 1984, aka kuwa ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Waɗannan biyu ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na ciwon. Bairos ɗin yana ƙera furotin biyu nasa, E6 da E7. E7 yakan cire birkin da ke hana ƙwaya rabuwa barkatai. E6 kuma yakan rushe wani mai gadi da ake kira p53, wanda aikinsa shi ne ya tsai da ƙwayar da ta lalace, in ta ƙi gyaruwa ya umarce ta ta kashe kanta. Daga shigar bairos zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, amma ga macen da garkuwar jikinta ta raunana, kamar mai ɗauke da HIV, shekara 5 zuwa 10 ta isa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da ciwon a duniya, wajen 350,000 suka rasu. A Nijeriya kaɗai, a 2020, kimanin 12,000 suka kamu, kimanin 8,000 suka rasu.

To, ku lura da halin da ƙwayar sankara ke zaune ciki. Tana rabuwa da gaggawa, tana cikin cunkoso, jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita ba su da tsari, furotin ɗinta da yawa kuma gurɓatattu ne. Kullum cikin wahala take, kamar garin da bazara ba ta ƙarewa a cikinsa. Don haka takan tara 'yan agaji fiye da lafiyayyar ƙwaya, ta kuma dogara gare su ƙwarai. Ran da aka kai mara lafiya gaban na'ura, 'yan agajin sun riga sun daɗe a bakin aiki.

Abin da gashi yake yi

Mutane suna ce wa wannan magani gashi, sunan kuwa yana tsorata mata da yawa, suna zaton wuta za a sa musu. Babu wuta a ciki. Haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa. Mace takan kwanta 'yan mintoci, ba ta jin kome sa'ad da hasken ke ratsa ta. Wahalolinsa, kamar gajiya, da gudawa, da zafin fitsari, daga baya suke zuwa, kuma akwai magungunan rage su.

Abin da hasken ke nema shi ne DNA, watau zaren gado mai igiya biyu wanda ke ɗauke da umarnin kowace ƙwaya. Wani lokaci hasken yakan bugi zaren kai tsaye. Sau da yawa kuwa ruwan da ke cikin ƙwayar yake farfasawa, gutsattsarin su afka wa zaren. Idan igiya ɗaya ta tsinke, gyaran mai sauƙi ne, gama ɗayar tana nan a matsayin abin kwafa. Idan duka biyu suka tsinke a wuri ɗaya ba a gyara ba, ƙwayar takan mutu sa'ad da ta zo rabuwa. Iskar oksijin tana taimakon hasken, domin takan manne a wurin da ya lalace ta sa gyaran ya yi wuya. Tun a 1953 L. H. Gray da abokan aikinsa a Ingila suka jawo hankalin likitoci ga wannan. Ƙwayar da ba ta samun oksijin tana bukatar haske ninki biyu da rabi zuwa uku kafin ta mutu. Da sunan wannan masani ake kiran ma'aunin hasken, watau Gray.

Ba a ba da maganin gaba ɗaya rana guda, don kada hanji da mafitsara su lalace. Akan raba Gray 45 zuwa 50 kashi 25 ko fiye kaɗan, kwana biyar a mako, har mako biyar. Sa'an nan a yi gashin ciki, inda ake sa abin da ke fid da hasken a cikin mahaifa, dab da ƙarin. Tun daga 1999, bayan manyan gwaje-gwaje biyar a Amurka, akan haɗa da ƙarin ruwa na maganin cisplatin sau ɗaya a mako ga wadda ƙodarta za ta iya ɗauka.

Wani muhimmin ɓangare na abin da muka sani game da wannan ya biyo ta kan mace guda. A 1951 wata baƙar fata 'yar Amurka, Henrietta Lacks, ta je asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore da sankarar bakin mahaifa. Aka ɗebi ɗan naman ƙarin ba da saninta ba. Ta rasu a watan Oktoba na shekarar, tana da shekara 31, amma ƙwayoyin da aka ɗiba suka ci gaba da rabuwa a cikin kwalba, har yau ana amfani da su a ɗakunan gwaji na duniya da sunan HeLa. A 1956 Theodore Puck da Philip Marcus suka haska su da ma'auni daban-daban, suka ƙirga waɗanda suka rayu. Suka ga ƙaramin ma'auni ba ya kashe su gwargwadon yadda aka zata. Binciken da ya biyo baya ya nuna dalili: ƙwayar tana gyara ɓarnar da aka yi mata.

Hanya uku da 'yan agaji ke tare wa sankara faɗa

Ta fari, suna tallafa wa masu gyara. Ɗinke zaren da ya tsinke aikin wata ƙungiyar furotin ne, da yawansu kuwa ba sa iya riƙe siffarsu sai HSP90 na tare da su. Inda HSP90 ya yawaita, masu gyaran suna nan cikin shiri, ɓarnar da hasken Litinin ya yi za a iya ɗinke da yawa daga cikinta kafin Talata.

Ta biyu, suna hana ƙwayar kashe kanta. Mun ga yadda E6 ya riga ya raunana p53. Amma ko da umarnin mutuwa ya fito ta wata hanya, HSP70 da HSP27 sukan riƙe waɗansu daga cikin furotin da ke isar da shi, saƙon ya tsaya a hanya. HSP27 kuma yana taimakon ƙwayar ta share gutsattsarin ruwan nan masu ɓarna kafin su kai ga zaren gado.

Ta uku, suna raya ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙari. Idan ƙari ya girma, jini ba ya kaiwa tsakiyarsa sosai, kamar ƙarshen lambu inda ruwan ban-ruwa ke isa da ƙyar. Ƙwayoyin wurin ya kamata su mutu don rashin iska. Sai su kunna wani furotin, HIF-1, wanda ke sauya yadda suke cin sukari, ya kuma kira sababbin jijiyoyin jini, HSP90 kuwa yana cikin masu riƙe shi kada ya rushe. Waɗannan ƙwayoyi masu zama ba oksijin su ne haske ya fi kasa kashewa. A shekarun 1990 Michael Höckel da abokan aikinsa a Jamus suka auna oksijin a cikin ƙarin bakin mahaifa da wata siririyar allura, suka ga matan da ƙarinsu ke da ƙarancin oksijin sun fi samun dawowar ciwon.

Ya kamata a faɗa cewa 'yan agaji ba su kaɗai ne dalilin taurin kan sankara ba. Girman ƙari, da irinsa, da yadda ya bazu, duk suna ciki. Abin da aka sani game da HSP kuma, mafi yawansa daga ƙwayoyin cikin kwalba da ɓerayen gwaji ya fito.

Ƙoƙarin karya garkuwar

Tun da haka ne, me zai hana a ɗaure hannun 'yan agajin? An gwada. A 1970 aka samo wani sinadari, geldanamycin, daga wata bakteriyar cikin ƙasa. A 1994 aka gane HSP90 yake kamawa. A 2003 masu bincike a Amurka suka nuna cewa shi da wani ɗan'uwansa, 17-AAG, suna sa ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa su fi mutuwa a ƙarƙashin haske. Da aka zo kan mutane sai wahala ta bayyana. Lafiyayyun ƙwayoyi ma suna bukatar HSP90, geldanamycin kuwa yana cutar da hanta. Banda haka, idan aka toshe HSP90, ƙwayar takan ji tana cikin haɗari ta ƙara ƙera HSP70. A 2022 ƙasar Japan ta yarda da wani magani na wannan iri, pimitespib, amma domin wani ƙarin ciki da hanji ne dabam. Maganin da ke toshe HSP bai shiga jerin magungunan da aka saba yi wa sankarar bakin mahaifa da su ba.

Hanya ta biyu za ta ba ku mamaki, gama da zafi kansa ake yinta. Akwai na'urar da ke ɗumama ƙarin daga ciki zuwa digiri 40 har 43 na wajen awa ɗaya, kusa da lokacin da ake haska shi. Zafin yakan warware furotin masu gyara da yawa a lokaci guda, fiye da yadda 'yan agaji za su iya tallafawa, ya kuma ƙara gudun jini, oksijin ta shiga. A wani gwaji da aka yi a Holan, aka buga sakamakonsa a 2000, ƙarin ya ɓace ga kashi 83 cikin 100 na matan da aka haɗa musu haske da ɗumi, amma kashi 57 ga waɗanda aka yi wa haske kaɗai. Bayan shekara uku, kashi 51 na rukunin fari suna da rai, na biyu kuwa kashi 27.

Ko a nan 'yan agaji suna da ta cewa. A 1975 Gerner da Schneider suka nuna da ƙwayoyin HeLa cewa ƙwayar da ta sha zafi ta rayu takan jure zafi na biyu fiye da na fari. Wannan juriya takan ɗauki kwanaki kafin ta gushe, shi ya sa akan yi ɗumamawar sau ɗaya a mako, ba kullum ba. Kada kuwa wani ya karanta wannan ya koma gida ya sa mara lafiya zama cikin ruwan zafi, ko kan gadon rushi irin na jego. Zafin waje ba ya kaiwa inda ƙarin yake, ƙuna kawai zai bari, ya kuma cinye lokacin da ya kamata a je asibiti.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da maganin ɗaure 'yan agaji, amma akwai abin da sankara ke bukata wanda muna iya hana ta, shi ne lokaci. A ce wata uwa a Kalmalo ta fara ganin jini bayan ta daina al'ada, ko bayan saduwar aure, ko ruwa mai wari yana fita. Kunya ta hana ta faɗa, aka yi ta jiƙe-jiƙe wata shida, shekara guda. A cikin watannin nan ƙarin yana girma, tsakiyarsa na rasa oksijin, jinin da take zubarwa kuma yana rage wanda zai kai iskar. Ƙaramin ƙari da aka gani da wuri ana iya cire shi da tiyata, ko a gasa shi ya mutu sarai. Babba yakan zo da duk garkuwar da muka lissafa.

A ce kuma an kai ta Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai daga Illela, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da sashen gashin sankara. Akwai irinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. A 2025 aka buɗe sabuwar cibiya a Katsina, maƙwabtanmu na Nijar kuma sun buɗe tasu a Yamai a 2021. Ka'idar likitoci ita ce a gama duka maganin, na waje da na ciki, cikin mako takwas. Bincike a Kanada da Faransa da Amurka ya nuna cewa duk kwana ɗaya da aka ƙara a kan wannan wa'adi yana iya rage damar kashe ƙarin da kusan kashi 1 cikin 100. Dalilin a fili yake. Ƙwayoyin da suka rage bayan mako uku su ne mafi tauri, idan kuwa aka ba su hutu, su ne za su hayayyafa su cika wurin.

A nan ne mata da yawa ke faɗuwa. A mako na uku jinin yakan tsaya, mace ta ji sauƙi, kuɗin masauki ya ƙare, ga yara a gida, ga girbin albasa, ga bikin 'yar ƙanwa. Sai a ce bari ta je gida ta dawo. Dangin da suke so su taimaka, babban taimako shi ne su shirya kuɗin mota da masauki da mai jinya na mako takwas tun kafin a fara, su ba da jini idan likita ya nema, wani kuma ya ɗauke mata aikin gida har ta gama.

Mafi alheri duka shi ne kada a kai ga na'urar. Tun da ciwon yana ɗaukar shekaru kafin ya zama sankara, gwaji mai sauƙi yana iya gano shi tun yana tabo a fatar bakin mahaifa, a kuma kashe tabon cikin 'yan mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara mace ta fara gwajin daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuwa daga 25. Ran 24 ga Oktoba 2023 Nijeriya ta sa allurar rigakafin HPV cikin allurai na kyauta, guda ɗaya tak ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ta kuwa iso Jihar Sakkwato a zagaye na biyu, a watan Mayu 2024. Allurar ba ta hana haihuwa. Bairos ɗin take hana zama.

Ɗalibai, hutu ya kusa. Da yawa cikinku ku ne masu karanta wa gida takardar asibiti. In kun isa, ku tambaya ko an yi wa ƙannenku mata allurar. Ku 'yan mata, ku zauna da Inna da Gwaggo ku gaya musu alamun nan uku: jini bayan daina al'ada, jini bayan saduwa, da ruwa mai wari. In kuwa akwai wadda ta riga ta fara gashi a danginku, ku rubuta mata ranar da ta fara a jikin kalanda, ku ƙirga kwana 56, ku taimaka a ga ba ta tsallake ko ɗaya ba.